Suna na Aro, Gida na Gado: Tarihin Wakilcin Kamfani a Maraɗi da Kano

Gabatarwa

Wanda ya daɗe yana bin titunan Maraɗi ko Damagaram ya ga kantin da aka sake wa fenti sau uku, alhali mai kantin bai gusa daga kujerarsa ba. A farkon shekarun 2000 allon da ke bisa ƙofa yana ɗauke da sunan Celtel. A 2008 aka goge aka rubuta Zain, a 2010 aka sake gogewa aka rubuta Airtel. Maƙwabcinsa da ya rataya allon Orange shi ma ya wayi gari an sayar da reshen kamfanin na Nijar a 2019, daga baya sunan ya koma Zamani. Ba a shawarci ɗayansu ba. Ginin nasu ne, jarin nasu ne, yaran da ke tsaye bayan tebur ƴaƴansu ne ko ƴaƴan ƴan'uwansu, amma sunan da ke jawo masu saye na wani ne.

Irin wannan ciniki shi ne Faransawa ke kira franchise: kamfani ya ba mutum izinin sayar da kayansa da sunansa a wani yanki, bisa sharuɗɗan da kamfanin ya gindaya. A Amurka ana ba da misali da Coca-Cola, wanda ya fara ba wasu izinin ɗura lemonsa a kwalba a 1899, da gidajen abinci na McDonald's da suka yaɗu ta wannan hanya tun daga 1955. Bahaushe yana cewa wakilci. Gaskiya ne wakilcin da kakanninmu suka yi bai yi daidai da na Amurka ta kowace fuska ba, amma ƙashin bayansu ɗaya ne: suna da kaya daga sama, gumi da jari daga ƙasa. Tambayar da wannan maƙala ke son bi ta cikin tarihi ita ce: idan mai riƙe da wakilci ya rasu, me ƴaƴansa ke gada?

Kafin zuwan Nasara

Ciniki da dukiyar wani ya girmi mulkin mallaka da nisa. Fataken goro da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ba kowane cikinsu ke tafiya da kayansa ba. Attajiri kan zauna gida, ya ɗora wa ɗansa ko baransa kaya a bisa jakuna, ya haɗa shi da madugu, sai bayan watanni a dawo a yi lissafi. A Damagaram kuwa, a ƙarshen ƙarni na 19, manyan ƴan kasuwa irin su Malam Yaro suna hulɗa da Larabawan Tarabulus da Gadamas ta hamada, kuma yawancin wannan ciniki bisa bashi da amana yake gudana, domin tsakanin mai kaya da mai sayarwa akwai tafiyar watanni.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun tsara wa wannan hulɗa dokoki tun da daɗewa. A wurinsu wakilci yana ƙarewa da mutuwar wakili, ba ya shiga cikin kayan da ake rabawa. Game da wanda aka ba jari ya juya a raba riba, Muhtasar na Shaihu Halilu ya bayyana cewa idan ya rasu ciniki bai kammala ba, magajinsa yana iya ƙarasawa idan amintacce ne. Idan ba amintacce ba ne, sai ya kawo amintacce. Idan ya kasa, ya mayar da dukiya ga mai ita. Ke nan tun kafin kamfanin Bature ya kafa ma'auni a ƙasar nan, an riga an san cewa jini kaɗai ba ya ba ɗa matsayin ubansa a cikin dukiyar wani. Wannan ƙa'ida ce za mu ga tana maimaita kanta a dukan abin da ya biyo baya.

Zamanin gujiya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Da wannan ne gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa, ta sami hanyar zuwa teku, kuma gonakin Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai suka shiga kasuwar duniya. Gwamnatin Faransa tana karɓar haraji da kuɗi, saboda haka talaka ya shuka abin da zai kawo kuɗi. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu manyan kamfanonin ciniki suka buɗe rassa a kudancin Nijar: CFAO, wanda aka kafa a Marsai a 1887, da SCOA, da Compagnie du Niger Français, ɗan'uwan UAC ta ɓangaren Faransa. Tare da su akwai ƴan Labanan da wasu ƙananan ƴan kasuwa Turawa.

Baturen kanti ba ya jin Hausa sosai, bai san wane manomi ke cika alkawari ba, ba ya kuma iya zama a kowace kasuwar ƙauye. Dole ya nemi ɗan gari. Idan lokacin ciniki ya gabato bayan kaka, sai kamfani ya ba wakilinsa kuɗi da buhuna da ma'auni. Wakili ya rarraba kuɗin ga yaransa, su bazu cikin kasuwanni suna awo, a tara gujiya a kai mangaza, a biya shi la'ada bisa yawan abin da ya kawo. Kamfanin nan kuma shi ne ke ba shi atamfa da gishiri da sukari da fitilu da kwanoni bashi, ya sayar wa manoman da suka karɓi kuɗin gujiya. Kuɗin da ya fita ta ƙofar gaba da safe yakan dawo ta ƙofar baya kafin damina.

A nan ne tushen dukiyar mutanen da daga baya aka sani da Alhazan Maraɗi. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta cinye tsohon gari, aka sake gina Maraɗi bisa tudu, da sabuwar kasuwa da faffaɗan tituna, ciniki ya ƙara buɗewa. Sai dai kowane wakili ya san iyakarsa. Farashi daga sama yake zuwa. Idan yaro ya gudu da kuɗi, ko awo ya yi giɓi, a wuyan wakili yake. Idan kamfani ya ga dama, baɗi sai ya ba wani. Babu takardar da ta ce idan wakili ya mutu ɗansa zai hau. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Bayan samun mulkin kai a 1960, uban gida ya sauya amma tsarin bai sauya ba. Gwamnatin Diori Hamani ta kafa bankin BDRN a 1961, sa'an nan a 1962 ta kafa SONARA domin cinikin gujiya da Copro-Niger domin shigo da kayan masarufi. Wanda SONARA ta amince da shi ya saya mata, wanda Copro-Niger ta sa cikin jerin manyan dillalanta, wanda BDRN ya buɗe wa ƙofar bashi, shi ne ya yi gaba. Alhazai da dama sun sami manyan motocinsu na fari a wannan zamani. Izinin dai na mutum ɗaya ne, da sunansa, kuma sau da yawa yana rataye da sanayyarsa da mutanen Yamai.

Ɗa da bara

Masanin nan Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa littafinsa a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya lura da wani abu da duk ɗan gari ya sani amma ba kasafai ake faɗinsa ba: gidan ciniki a Maraɗi ya fi tsayuwa bisa dangantakar uban gida da bara, fiye da ta uba da ɗa. Bara yakan shigo yana saurayi, ya ɗauki buhu, ya yi aike, ya kwana a mota a bakin iyaka. Uban gida ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa aure, daga ƙarshe ya ba shi jari. Da yawa cikin manyan alhazai da kansu haka suka faro.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Bara ana iya tsawata masa, ana iya bincikar lissafinsa, idan ya ci amana a sallame shi. Ɗa kuwa akwai kunya tsakani, musamman ɗan fari, wanda uba ba ya ko kama sunansa. Akwai kuma uwayen ɗaki. A gidan mata uku ko huɗu, duk ɗan da aka ba makullin mangaza, sauran ɗakuna sun ƙirga. Alhaji mai son zaman lafiya sai ya ga ya fi sauƙi ya ba bare makulli, ya bar ƴaƴa kowa da ɗan abin da zai juya. Sakamakon haka, wanda ya san sirrin ciniki, ya san wa ake bi, wa ke bin gida, ya san fuskar akawun kamfani da ta ma'aikacin duwan, ba ya cikin magada. Waɗanda ke cikin magada kuma ba su san ciniki ba.

Ranar da maigida ya kwanta dama, abu uku ke rabuwa. Dukiya ta bi hukuncin shari'a: a biya bashi, a cika wasiyya, mata su raba ɗaya bisa takwas, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Wannan adalci ne da Allah ya hukunta, kuma ya tsare marayu da mata da yawa daga zaluncin ƴan'uwa. Amma motoci goma da ke aiki tare, idan suka watsu hannu goma sha biyar, sun daina zama kamfanin sufuri. Barori kuma, da yake alkawarinsu da mamaci ne, sai kowa ya kama gabansa, wani ya buɗe nasa, wani ya nemi sabon uban gida. Na ukun shi ne wakilcin, wanda ba ya ma zuwa gaban alƙali, domin tun asali ba mallakar mamaci ba ne.

Na ga wannan da idona ina saurayi, a unguwarmu, ƴan shekaru bayan karyewar darajar kuɗin CFA ta 1994. Wani dattijo da ya shekara fiye da ashirin yana wakiltar wani kamfanin kaya ya rasu. Ba a yi sadakar arba'in ba sai ga takarda: kamfani yana ta'aziyya, yana kuma tunatar da iyali cewa yarjejeniya da sunan marigayi take, a kawo lissafin kayan da ke mangaza. Ƴaƴa maza huɗu suka kasa daidaitawa a kan wanda zai je ya zauna da kamfani, domin kowane ɗaki yana ganin wanda ya je shi ya gaji gida. Suna cikin wannan ja-in-ja kamfani ya ba babban baran marigayi wakilci. Bai ci amanar kowa ba. Shi kaɗai ne ya san lissafin. Har yau idan na bi ta ƙofar gidan ina ganin gurbin ƙusoshin da suka riƙe allon.

Gidan Ɗantata

Domin a ga cewa wannan ƙarshe ba tilas ba ne, sai mu tsallaka iyaka zuwa Kano, inda gujiyar Maraɗi ta daɗe tana bi kafin a karkata ta zuwa Kwatano a shekarun 1950. An haifi Alhasan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa fataken goro. Shi kansa ya ɗanɗani abin da muke magana a kai, domin mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, aka raba gida, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, ya tashi a hannun wata baiwa mai suna Tata, wadda sunanta ya bi shi. Ya yi fataucin goro, yana cikin na farko da suka riƙa ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. A 1918 ya fara sayen gyaɗa domin kamfanin Niger Company, wanda ya narke cikin UAC a 1929. A shekarar 1929 ɗin, an ruwaito cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa a bisa raƙuma ashirin zuwa reshen bankin Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano.

Matsayinsa a wurin kamfani irin na wakilan Maraɗi ne, sai dai girma. Abin da ya bambanta shi abu uku ne. Na ɗaya, bai tsaya ga uban gida ɗaya ba: yana saya wa kamfani gyaɗa, yana kuma cinikin goro da shanu da tufafi da filaye da kuɗinsa, har a farkon shekarun 1950 ya sami izinin saya wa hukumar cinikin gyaɗa kai tsaye. Na biyu, ya sa ƴaƴansa cikin aiki tun suna samari, suka yi awo a ƙauyuka kamar kowane yaron gida, har kamfanoni da manoma suka san fuskokinsu. Na uku, kafin rasuwarsa a ranar 17 ga Agusta 1955, cinikin ya riga ya sami suna da rajista a matsayin kamfanin Alhasan Ɗantata da Ƴaƴansa, kuma an ruwaito cewa a ciwon ajali ya tara su ya yi musu wasiyya kada su bari ya watse.

An raba gadonsa bisa shari'a kamar na kowa. Amma kamfanin ya ci gaba, Ahmadu ya riƙe shi har rasuwarsa a 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa, ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da wasu sana'o'i, ya rayu har 2025. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya kafa nasa gidan ciniki ya shahara a gyaɗa da sufuri. Jikan Sanusi ta wajen ƴarsa Mariya, wato Aliko Ɗangote, ya fara ciniki a 1977 da rancen da kawunsa ya ba shi. A lura da wannan: abin da ya isa ga Aliko a wannan rana rance ne da horo da sunan gida, kuma waɗannan ba sa cikin abin da alƙali ke rabawa. A lura kuma cewa dalar gyaɗar Kano ta ɓace tun shekarun 1970. Da gidan ya rataya rayuwarsa ga wakilcin gyaɗa kaɗai, da ya tafi tare da ita.

Ba na cewa Kanawa sun fi Maraɗawa dabara. Kano tana da jirgin ƙasa da banki da babbar kasuwa tun da wuri, kuma a Kanon ma gidajen attajirai da yawa sun watse bayan mutuwar masu su. Gidan Ɗantata ya yi suna ne domin irinsa ba su da yawa.

Bayan gujiya

A Nijar cinikin gujiya ya kai ƙololuwa a kakar 1966 zuwa 1967. Daga nan fari ya sauko, ya tsananta a 1973 da 1974, cuta ta bi gonaki a 1975, manoma suka koma ga hatsi da wake. SONARA ta yi ta rarrafe har ta rufe, BDRN ya durƙushe a 1990. Alhazan da suka tsira su ne waɗanda suka juya da wuri zuwa ga Nijeriya: tun lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, sa'an nan cinikin ratsawa, inda ake shigo da taba da yadi ta Kwatano a tsallaka da su kudu. Wannan ma ciniki ne da ke rataye ga hukuncin wasu. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga 2019 zuwa 2020, aka kuma rufe bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa farkon 2024. Kowane karo akwai gidan da bai sake tashi ba.

A cikin waɗannan shekaru ne sabon tsara ya taso. Alhazan farko yawancinsu allo suka yi, lissafinsu a kai yake, kuma da yawa sun ƙi kai ƴaƴansu lakwal. Na bayansu sun kai, har wasu suka karanto ilmin ciniki a Yamai da Dakar da ƙasashen waje. Doka ma ta sauya: Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar OHADA a 1993, kuma dokar kamfanoni da ta fara aiki a 1998 ta sauƙaƙa wa iyali su mayar da cinikin gida kamfani mai hannayen jari. A irin wannan tsari, idan uba ya rasu, hannayen jari ake rabawa bisa shari'a, kowace mace da kowane maraya su sami haƙƙinsu, motoci da mangaza su tsaya wuri ɗaya, yarjejeniyar wakilci kuma ta kasance da sunan kamfani, wanda ba ya mutuwa da mutuwar mutum.

Sai dai takarda ba ta warware kome ita kaɗai. Saɓanin da ake gani yau a gidajen mai da kantunan waya da rassan aika kuɗi sabon salo ne na tsohon ciwo. Ɗa ya dawo da digiri yana son a rubuta kome, a yanka wa kowa albashi, a raba aljihun gida da na kanti. Uba yana ganin wannan rowa ce, domin a wurinsa arzikin kuɗi ba ya tsayuwa sai da arzikin mutane, kuma buhun da ya ba maƙwabci bashi ba tare da takarda ba shi ne ya sa ake gaishe shi a masallaci. Kamfanin da ya ba su suna kuwa ba ruwansa da zumunci. Ƙarshen wata lissafi yake so. Kowane cikin uban da ɗan yana da gaskiyarsa. Gidan da ya ɗore shi ne wanda uba ya yarda a buɗe littafi yana raye, ɗa kuma ya yarda ya zauna a tabarma ya koyi mutane.

Kammalawa

Daga ayarin Gwanja zuwa kantin waya, tarihi ya nuna abu ɗaya. Gona ana gadonta, gida ana gadonsa, wakilci kuwa sai an sake nemansa a kowane tsara, kuma mai suna yana ba da shi ne ga wanda ya riga ya sani ya kuma amince da shi. Saboda haka aikin miƙa shi ba na ranar rabon gado ba ne. Aiki ne na shekarun da maigida ke da lafiya: ya kai ɗansa, ko ƴarsa, gaban kamfani da banki a san su, ya faɗi wanda zai jagoranta a gaban dukan ɗakuna, ya ba tsohon bara matsayin da zai sa ya zauna, ya kuma gina wani abu da sunan gida, domin ranar da za a zo sauke allo.

Mun saba ganin magana a kan mutuwa kamar kiranta ne, shi ya sa alhazai da yawa suka tafi da lissafinsu a ka. Amma addinin da ya tsara rabon gado shi ne kuma ya yi umurni da rubuta bashi, ya kwaɗaitar da wasiyya. Kyan ɗa ya gaji ubansa, haka ne. Kyan uba kuma ya bar abin da za a iya gada. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya.